Makaɗin Ruwa na Tudun Malmo

Da sunan Allah wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya gudanar da koguna a cikinta, ya yi harshe mai saurin gudu, ya yi hankali mai bin sawunsa sannu a hankali. Ku gyara zama, ya ku 'yan'uwa. Ni ne Nomau ɗan Korau, mutumin Tudun Malmo, garin da ke bayan duwatsun da ke bayan hamada, inda ayarinku bai taɓa sauka ba. Zan ba ku labarin tafiyar da na yi saboda wani tsoho da gangarsa.

Kogin garinmu ba irin naku ba ne. Ruwan sama ba ya yi mana sai yayyafi. Kogi ne ke zuwa daga duwatsu masu nisa, sau ɗaya a shekara. Idan ya janye, mutane su sauka cikin kwarinsa su kafa bukkoki, su shuka albasa da kankana a kan lakar da ya bari. Ranar da zai dawo kuwa ba ya sallama. Kamar bango mai tafiya yake zuwa, ya cika kwarin kafin mace ta sauke tukunya daga murhu.

A tsakiyar kwarin akwai wani dutse da ake ce wa Dutsen Kira. Gidanmu ne ke riƙe da gangar da ake kaɗawa a kansa. Idan lokaci ya yi, Makaɗin Ruwa zai hau dutsen ya yi ta kiɗa a tsaye, ba ci sai kurɓar ruwa, har kogi ya amsa. Da an ji gangar kowa zai kwashe amfanin gonarsa ya hau tudu, domin a wurinmu abin kunya ne kogi ya iso bai tarar da masu taryarsa ba. Shi kuwa makaɗi yana nan kan dutse ruwa ya kewaye shi, sai ambaliya ta lafa a je da kwalekwale a ɗauko shi. Kakana a kan dutsen nan ruwa ya tafi da shi, haka mahaifinsa. Mutanen gari da alfahari suke faɗin wannan, ni kuwa duk sa'ad da na ji sai in dubi mahaifina.

Mahaifina, Korau, shi ne makaɗin zamaninmu. Mutum ne marar yawan magana, mai son dankali gasasshe da tsokanar jikokin maƙwabta. Shi ya rene ni tun da mahaifiyata ta rasu, har goyo ya yi da ni, mata na yi masa dariya. A shekarar da nake ba ku labari, da muka je ɗauko shi mun tarar ruwa ya kai masa ƙirji, ya ɗora gangar a ka don kada ta jiƙe, ƙafafunsa sun kumbura. Ni na goya shi zuwa gida, sai na ji bai fi nauyin damin kara ba. A nan na san idan ya sake hawa dutsen nan, gangar kawai za mu ɗauko.

Na je gaban Magajin Gari Tunau na roƙi a sauke wa tsoho wannan kaya. Magaji mutumin kirki ne, bai kore ni ba. Ya ce da ni tun kaka da kakanni kowace shekara ana kaɗa ganga a kan dutse, kowace shekara kogi yana zuwa, ba a taɓa yin fashi ba. Saboda haka ganga ke kawo ruwa, kuma muddin makaɗi na da rai ba mai taɓa gularsa, sandar da yake kiɗa da ita. Ni kuwa an san ni da gardama tun ina yaro. Na ji a jikina maganar tana da rami a wani wuri, amma ban san inda zan sa yatsa ba. Magaji ya ga halin da nake ciki ya ce in na samo hujjar da ta fi tasu tsayuwa kafin kogi ya dawo, dattawa za su saurare ni. Fatake sun taɓa gaya mini cewa can gabas akwai Kwarin Tukwane, inda ake koyon auna magana. Na ɗaure wa jakina kaya. Baba bai hana ni ba, dankali kawai ya cusa mini a jaka ya ce in gaishe da gabas.

Na yi ta tafiya har takalmana suka fara buɗe baki, sai na isa Birnin Malfuna. Mutanen nan suna da dokar da ban taɓa jin irinta ba: idan biyu suka yi jayayya, wanda malfarsa, wato hular kaba, ta fi faɗi shi ke da gaskiya. Na ga attajirin da bayi huɗu ke tallafe gefen malfarsa da sanduna masu gwafa, na ga talakan da ya faɗi gaskiya tsirara aka ƙaryata shi don tasa ba ta wuce kunnuwansa ba. Ban daɗe da shiga kasuwa ba wani mai ƙatuwar malfa ya dube ni ya ce ni ne bawansa da ya gudu bara. Na rantse ban taɓa ganinsa ba. Aka dubi kaina, aka ga 'yar hular saƙi, aka ce shi ke nan, magana ta ƙare, gobe a gaban alƙali za a miƙa ni.

Da safe, a kan hanyar zuwa gaban alƙali, na hango jinkar wani rumbu da aka sauke ana gyara. Na roƙi dogarai su taya ni ɗora ta a kan jakina, suka taya ni don su sha dariya. Muka shiga fili jaki na tafe ƙarƙashin jinka, faɗinta ya ninka malfar alƙali. Na ce ga shaidata. Allah ya taimake ni jakin ya ga wata jaka a nesa ya ɓarke da kuka, na ce kun ji, ya ce ni ɗa ne, ba bawan kowa ba. Na sa ran wani zai miƙe ya ce ai faɗin malfa ba ya mai da ƙarya gaskiya. Ba wanda ya ce. Alƙali ya sauko daga kujerarsa ya rusuna wa jakina, aka sake ni, aka riƙe shi don ya riƙa yanke musu shari'a. Na yi kewarsa ƙwarai, amma na ji labarin dawa zalla yake ci har ya mutu.

Daga nan sai tafiyar ƙasa, har na kai wata mashiga tsakanin duwatsu biyu, inda wata tsuntsuwa mai kai biyu ta tare hanya, tsayinta ya kai na rimi. Kan dama ya ce duk matafiyi ɗayan biyu ne: ko dai ya gudo daga gida, to matsoraci ne, kuma matsorata abincinsa ne, ko kuwa ya fito neman abin wasu, to makwaɗaici ne, wannan rabon kan hagu ne. Suka ce in zaɓa. Na fara lissafin wanne baki ne ya fi ƙanƙanta, sai hannuna ya taɓa ragowar dankalin Baba a jaka, ya bushe kamar tsakuwa. Na ce da su ni ban gudo ba, ban kuma fito neman abin kowa ba, na bar gida ne don in koma in tarar da mahaifina da rai. Su gaya mini rabon wane ne irina. Kan dama ya ce nasa ne, kan hagu ya ce ƙarya ne. Suka shiga saran juna gashi na tashi, ni kuwa na sunkuya na bi ta tsakanin ƙafafunsu.

Bayan mashigar nan Kwarin Tukwane yake. Ƙasarsa jar laka ce, kuma ga abin al'ajabinta: duk wanda ya kawo dalili ya ɗora hukunci a kansa, sai tukunya ta tsiro daga ƙasa a gabansa. A zuba mata ruwa. In maganar tsayayya ce ruwa ya zauna, in tana da rami ya zurare ta nan. Na ga ɗalibai daga ƙasashe iri-iri, kowa da tulu a kafaɗa, ga tsibin fasassun tukwane ya fi ganuwar garinmu tsawo.

Shugabar wurin wata tsohuwa ce, Inna Ladingo, 'yar ƙarama, haƙorinta ɗaya ya rage, shi ma yana shawarar tafiya. Da ta gan ni ta ce ga angonta ya iso, amma ya zo mata ba ko takalmin kirki. Ta sa aka ba ni fura, ta bar ni na ƙoshi, sa'an nan ta ce in faɗi abin da ya kawo ni.

Na faɗi hujjar Magaji yadda ya faɗe ta. Tukunya ta tsiro, kyakkyawa, mai zane har wuya. Aka zuba ruwa, ya tsaya kamar zai zauna, sai ga shi yana tsiyaya ta gindi. Na yi tsalle don murna. Inna ta ce in zauna tukuna in faɗi tawa. Na ce kiɗan nan zai kashe mahaifina, saboda haka ba ganga ke kawo ruwa ba. Abin da ya tsiro a gabana ko sunan tukunya bai cancanta ba, kwando ya fi shi riƙe ruwa. Ɗalibai suka yi dariya, ni kuwa hawaye ya cika mini ido.

Inna ta kore su da sandarta, ta dafa kafaɗata. "Wannan ƙauna ce, angona," in ji ta. "Ita ta kawo ka nan da ƙafa, kada ka ji kunyarta. Amma da ganga na kawo ruwa, da ba ta kawowa, duk ɗaya ne, tsohon zai gaji. Son da kake masa bai gaya mana kome game da kogi ba."

Na zauna a wurinta wata da watanni ina fasa tukwane. Ta koya mini in raba abin da aka gani da abin da aka ɗora a kansa, in tambayi kowace magana me za a gani in ƙarya ce, in kuma fara zuba wa tawa ruwa kafin ta abokin gardamata, wanda shi ne ya fi mini wuya. Da na ba ta labarin malfuna da tsuntsuwa ta ce ashe na yi rabin karatun a hanya, kuma jakina ya fi ni samun aiki.

Wata rana da hantsi muna zaune sai shamuwa suka sauka a kan kuka. Ɗalibai suka ce damina ta kusa, don a ƙasar ana ruwan sama. Inna ta tambaye ni ko shamuwa ke janyo hadari, tun da kowace shekara sai ta zo ake ruwa. Na ce a'a, ta dai san yana tafe ne ta riga shi. Ta dube ni da ɗan haƙorin nan nata a waje, ta ce, "To shi tsohonka, wa ke gaya masa ranar hawa dutse?"

Sai ga ni ina yaro a kafaɗar Baba, muna sauka kwari da sassafe. Kullum sai ya tsaya a 'yar rijiyar da ke gindin dutse ya ɗebi ruwa a tafin hannu ya kurɓa. Ranar da ruwan ya yi sanyi har ya kama haƙori, ya kuma yi fari-fari kamar an ɗiga masa nono, ranar zai ce in je in ɗauko masa gula. Na faɗi wannan da ƙarfi, na ce ruwan duwatsu yana fara biyowa ta ƙarƙashin yashi, Baba ya ɗanɗana shi ya hau dutse. Saboda haka kogin ya riga ya taso kafin a taɓa ganga. Tukunya ta tsiro, baƙa, ba ado. Aka cika ta, ko ɗigo bai fita ba.

Na rungume ta zan tafi da ita gida. Inna ta ce tukwanen kwarin nan ƙura suke zama in sun ƙetare mashiga, kuma wannan ta nuna maganata ta haɗu ne kawai, kogi ne zai ce ko haka ne. Da ta rako ni bakin hanya ta riƙe hannuna ta ce, "Abin da za ka karɓe daga hannun tsohon nan, shi ya tsayu a kai duk rayuwarsa. Kada ka kai gaban dattawa sai ka fara kai masa, kuma ka kai masa da hannu biyu."

Na iso gida albasa ta yi kai. Baba ya ƙara ramewa, amma ya riga ya sake wa ganga fata. Kashegari na bi shi kwari, muka zauna a bakin rijiya, na gaya masa kome, ina zaɓen kalmomi kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Da ya yi magana muryarsa ta yi ƙasa.

"Wato duk shekarun nan iska nake duka. Ubana ma a banza ruwa ya ci shi."

Ban taɓa jin zafin magana kamar wannan ba, har na yi da-na-sanin koyon abin da na koyo. Amma Inna ta hana ni tsayawa a rabin tambaya. Na ce, "Baba, tun da ka karɓi gula, mutum nawa ruwa ya tarar a cikin kwari?"

Ya ce ko akuya bai taɓa tararwa ba.

"A zamanin kaka fa?"

"Ba kowa. Sai shi kaɗai."

"To wa ya fitar da su? Kogin nan ba ya sallama, Baba. Kai kake jin tafiyarsa a bakinka tun yana nesa. Ba shi kake kira ba, mu kake kira, kuma kowace shekara muna amsawa."

Ya dubi bukkokin da ke warwatse a kwari, da yaran da ke guje-guje tsakanin kunyoyin kankana, ya daɗe yana dubansu. Sa'an nan ya ce in tashe shi, mu je wurin Magaji.

Magaji Tunau ya saurare ni har ƙarshe, ya ce maganata ta shiga kunne, amma in na yi kuskure gari duka ne zai kwana da yunwa shekara guda. Wannan magana tasa tukunya ce mai riƙe ruwa, na kuwa gaya masa haka a gaban dattawa. Na ce ranka ya daɗe, dutse ba ya gudu: a bar Baba ya yi kiɗa daga kan tudu, in kwanakin da aka saba jira suka wuce kogi bai zo ba, ni da kaina zan goya shi in kai shi Dutsen Kira in tsaya tare da shi. Dattawa suka yi ta muhawara har la'asar. Abin da ya raba gardamar shi ne Baba ya ce ya yarda, kuma ba mai gaya wa makaɗi inda zai tsaya sai in ya fi shi sanin ganga.

Ranar da rijiya ta yi sanyi, Baba ya hau tudu ya fara kiɗa a ƙarƙashin tsamiya, a zaune, ina ba shi kunu a baki. Mutane suka yi ta hawowa da buhunan albasa da awaki da tsofaffi a kan jakuna. Yana kiɗa idonsa na kan kwari, har ya ga mutum na ƙarshe ya fito, wata tsohuwa da kazarta a hammata. Sai ya yi abin da ba mu shirya da shi ba: ya ajiye gula a kan cinyarsa.

Magaji ya matso ya ce, "Korau, me ke nan?" Baba ya ce masu amsawa sun gama amsawa, saura a ji ta bakin kogi. Wuni ya wuce, wani ya biyo. Mata suka fara ƙus-ƙus, wasu suka daina gaishe ni. Ni kaina na fara auna nisan tudu da dutse, ina tunanin yadda zan goya shi, ina tunanin ko tukunyata baƙa ta yaudare ni. Baba kuwa dankalinsa yake gasawa.

Da hantsin wata rana ƙasa ta fara rawa a ƙarƙashinmu. Daga arewa wani farin layi ya bayyana, ya yi ta girma, rana na walƙiya a kansa, tsuntsaye na tashi a gabansa. Ya shigo kwari da rugugi, ya haɗiye bukkoki, ya kai Dutsen Kira ya rufe shi ruf, har inda kan mutum zai kai da abin da ya fi haka. Shekarar nan ruwan ya fi na kowace shekara. Ba wanda ya yi guɗa. Kowa ya dubi inda dutsen yake a da, ya juyo ya dubi Baba. Magaji ya tuɓe rigarsa ta sama ya yafa masa.

Ni ina jiran in ga ko zuciyarsa ta karye. Ya miƙe da ƙyar ya dafa ni, bakinsa a buɗe kamar na yaro, sai a lokacin na tuna cewa tun da ya karɓi gula bai taɓa ganin isowar kogi daga sama ba. Shi kullum a ƙasa yake, idonsa a rufe, yana jiran duka.

"Nomau," ya ce, "ashe haka yake da kyau?"

Na ce haka yake, Baba, kowace shekara.

"Kuka bar ni ban sani ba," in ji shi, yana dariya hawaye na bin gemunsa. Ya ƙara riƙe hannuna. "Matsar da ni gaba kaɗan, in gani sosai."

Ya ga isowar kogi sau da dama bayan wannan, daga ƙarƙashin tsamiyar nan, kuma a kan tabarmarsa ya cika, jikokinsa kewaye da shi. Gular tana hannuna yanzu, kuma duk yaron da ya biyo ni rijiya sai na ɗebo masa ya kurɓa. Nan hikayata ta sauke kaya. Wanda ya ji rami a cikinta, ya zo da tulunsa mu zuba mata ruwa.